Ganet: Dutsen 'Ya'yan Rumman da Danginsa Shida

Wanda ya taɓa fasa nunannen rumman, ya ga jajayen 'ya'yansa a jere cikin farin ɓawo, to ya ga kamannin ganet a jikin uwar dutsensa. Daga nan ma sunan ya samo asali, domin da Latin ana kiran rumman granatum. Wannan suna shi ya sa mutane da yawa, har da masu saye da sayar da duwatsu, suke ɗaukar ganet a matsayin jan dutse mai duhu, mai araha, ƙanen yaƙutu da bai yi gashi ba. Nan asara take farawa. Ganet zuriya ce mai gidaje shida. A cikinta akwai wanda ake aunawa da buhu a yi takardar goge katako da shi, akwai kuma wanda karat ɗaya nasa, wato kashi ɗaya cikin biyar na giram, ya fi zoben zinariyar da aka ɗora shi a kai tsada. Duk abin da zai biyo baya, kuɗinsa ne ko gwajinsa ko yadda za a wanke shi, ya rataya ne a kan sanin ɗan wane gida ne ke hannunka.

Ginin ƙwayarsu iri ɗaya ne: silika, sinadarin da ke cikin yashi, ita ce ke riƙe da ƙarafa iri biyu, bambancin ƙarafan ne ke raba gidajen. Uku na farko duk suna da alminiyom. Idan abokin zamansa magnesiyom ne, sai a sami fairof, ja mai kamar garwashi. Idan baƙin ƙarfe ne, almandin ke nan, ja mai duhu da ke karkata zuwa ruwan ƙasa ko shunayya, shi ne ya fi kowanne yawa a duniya, sunansa kuma daga Alabanda ne, wani tsohon gari a ƙasar da yau ake kira Turkiyya. Idan manganis ne, sai ya zama sifesatin, ruwan lemo, mai sunan dajin Spessart na Jamus. Sauran ukun kalsiyom ya haɗa su: gurosula mai alminiyom, andaradait mai baƙin ƙarfe, da ubarobait mai kuromiyom. Wannan na ƙarshe kore ne shar, amma ƙwayoyinsa ƙanana ne kamar barbaɗen sukari a jikin dutse, shi ya sa da wuya a ga wanda aka yanka.

A cikin ƙasa gidajen nan auratayya suke yi, da wuya a sami dutsen da ya tsaya a gida ɗaya tsantsa. Rodolait, mai ruwan hoda da ya sirka da shunayya, gaurayen fairof da almandin ne. An fara ba shi wannan suna a jihar North Carolina ta Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, yau kuma Tanzaniya da Mozambik da Siri Lanka ne ke cika kasuwa da shi. Malaya gaurayen fairof da sifesatin ne daga kwarin Umba na Tanzaniya. Masu haƙa sun ba shi sunan ne da Suwahili, da ma'anar wanda aka ware, saboda a lokacin dillalai rodolait suke nema, wannan kuwa sai su tsince shi su mayar. Yanzu wanda aka ƙi ɗin ya fi rodolait kuɗi. Ganet ɗin Mali, gaurayen gurosula da andaradait, ya fito kasuwa a 1994 daga yankin Kayes, launinsa daga ruwan ɗorawa zuwa kore mai ruwan zuma, kuma yana da walƙiya fiye da yadda kuɗinsa ke nunawa. A ganina yana cikin duwatsun da aka fi rainawa ba da hakki ba.

Siffar ɗanyen dutsen tana taimakawa sosai tun a bakin rami. Ganet yakan fito a dunƙule kamar ƙwallo mai fuskoki 12, kowace fuska kamar murabba'in da aka karkata, ko mai fuskoki 24. Ba ya yin tsawo kamar duwatsun ado irin su tomalin ko akwamarin, ba ya kuma tsagewa a layi ɗaya kamar dutsen tofas. Idan ya fashe, sai ya bar gurbi kamar na fasasshiyar kwalba. Yana da nauyi, shi ya sa ruwa ke tara shi a gindin rafi tare da sauran ma'adinai masu nauyi, kuma duk wanda ya san wankin kuza ya san yadda jajayen ƙwayoyi ke kwanciya a ƙasan kwano bayan yashi ya tafi. Masu neman daiman ma suna bin sawun wani irin fairof mai kuromiyom, domin daga zurfin ƙasa ɗaya suke tasowa. A yankin Nabaho na jihar Arizona ta Amurka tururuwa ce ke fito da ƙananan fairof ta zubar a bakin gidanta, mutane su bi su tsince.

Tarihinsa ya yi nisa. Misirawan dā sun yi duwatsun wuya da shi, Rumawa sun sassaƙa hatimi a kansa suna buga wa wasiƙu. Amma aikin da ya fi burge mai kallo shi ne na maƙeran Turai tsakanin ƙarni na 5 da na 7. Sukan yanka ganet falle-falle, siriri kamar farce, su gina ƙananan ɗakuna da zinariya, su shimfiɗa takardar zinariya mai zanen raga a ƙasa, sannan su zaunar da fallen a kai. Haske ya ratsa dutsen, ya bugi zinariyar, ya dawo ja wur. An tono irin wannan aiki a kabarin Sutton Hoo na Ingila a 1939, sannan a 2009 aka gano taskar Staffordshire, ita ma a Ingila, mai kimanin kilo 5 na zinariya, yawancinta adon takubba. Binciken sinadaran irin waɗannan duwatsu ya nuna da yawansu daga Indiya da Siri Lanka suka taso, wato fatauci ya kai su wannan nisa tun kafin a san Turawa da jiragen ruwa masu zagaya Afirka. Da hanyar ta yi rauni, sai maƙeran suka koma ga fairof na Bohimiya, a ƙasar Cek ta yau.

Bohimiya ce ta mayar da ganet kayan kowa. Duwatsunta ƙanana ne, 'yan milimita kaɗan, don haka sai ake jera su dab da dab har ƙarfen ya ɓace, abin wuya ya fito kamar an ɓare rumman. Garin Turnov ya shahara da yankansu, kasuwar kuma ta kai ƙololuwa a ƙarshen ƙarni na 19. Yawan nan ne ya zubar da darajar sunan a idon jama'a.

Koraye biyu ne suka dawo da ita. Na farko dimantoid, ɗan gidan andaradait, wanda aka samu a duwatsun Ural na Rasha a tsakiyar ƙarni na 19. Ma'anar sunan shi ne mai kama da daiman, kuma ba a yi ƙari ba: ƙarfinsa na warwatsa haske zuwa launukan bakan gizo 0.057 ne, na daiman 0.044. Maƙeran fadar sarakunan Rasha, har da gidan Fabergé, sun yi aiki da shi. A cikin na Rasha akan ga wasu siraran zaruruwa masu ruwan zinariya da suka bazu daga wuri ɗaya, ana kiransu jelar doki. A sauran duwatsu tabon ciki rage kuɗi yake yi, a nan kuwa ƙarawa yake, domin shaida ce ta asali. An sake samun dimantoid a Namibiya a shekarun 1990 da Madagaska a 2009, amma waɗannan ba su da jelar. Yawancin yankakkun ba su kai karat ɗaya ba.

Na biyu sabborait, gurosula ne da banadiyom da ɗan kuromiyom suka rina shi kore. Masanin duwatsu Campbell Bridges ne ya gano shi a arewa maso gabashin Tanzaniya a 1967, daga baya ya bi jijiyar dutsen har cikin Kenya. A 1974 kamfanin Tiffany na New York ya gabatar da shi ga kasuwa da sunan da aka ciro daga gandun dajin Tsavo. Idan aka ajiye shi kusa da zumurrudu, sabborait ya fi walƙiya, ya fi tsabtar ciki, kuma ba ya buƙatar man da ake ɗura wa zumurrudu don ɓoye tsaga. Matsalarsa girma: wanda ya wuce karat 2 bayan yanka abu ne mai wuyar samu, kuɗin kowane karat kuma tsalle yake yi da zarar an haye wannan iyaka.

Najeriya ta shiga wannan labari ta ƙofar sifesatin. A farkon shekarun 1990 aka sami wani mai ruwan lemo tsantsa a arewacin Namibiya, kusa da kogin Kunene, aka yi masa laƙabi da mandarin. Kafin ƙarnin ya ƙare, wajen 1999, sai ga na Najeriya daga jihar Oyo, yankin Iseyin, manya kuma masu tsabtar ciki fiye da na Namibiya, launinsu daga ruwan lemo mai haske zuwa mai ja-ja. Ya bi ta hannun dillalan Ibadan ya isa Bankok da Idar-Oberstein ta Jamus, inda manyan masu yanka suke. A sifesatin, ƙa'idar kuɗi a fili take: gwargwadon ƙarancin baƙin ƙarfe a cikinsa, gwargwadon tsabtar ruwan lemon. Da almandin ya yi yawa a jininsa sai ya koma ja mai ruwan ƙasa, kuɗin ya faɗi. Akwai kuma hesonait na Siri Lanka, ɗan gidan gurosula mai launin kirfa, wanda cikinsa ke kama da zumar da aka motsa a ruwa, da wani na Bekily a kudancin Madagaska da ke yin shuɗi-kore da rana ya koma shunayya a hasken fitilar ƙwai. Kafin a same shi a ƙarshen shekarun 1990, littattafai cewa suke yi ganet na zuwa da kowane launi ban da shuɗi.

Wata rikitarwa da ta shafe mu: a Larabcin zamani wasu na kiran ganet da aƙiƙ ahmar. Aƙiƙ ɗin da alhazai ke kawowa tsaraba a zoben azurfa yawanci ɗan gidan kwaz ne, wato ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi, ba ya ratsuwa da haske tar, nauyinsa kuma wajen ninki 2.6 ne na ruwa. Ba danginsu ɗaya da ganet ba.

Gwaji ba ya buƙatar ɗakin bincike kafin a rabu da yawancin jabu. Fara da nauyi. Sami sikelin da ke auna har 0.01 na giram. Auna dutsen a busasshe, sannan ka rataye shi da siririn zare cikin ruwa, kada ya taɓa gindi ko gefen kofi, ka ga nawa nauyinsa ya ragu. Raba nauyin farko da abin da ya ragu, amsar ita ce ninki nawa dutsen ya fi ruwa nauyi. Misali, dutse mai giram 1.20 da ya koma 0.90 a ruwa ya rasa 0.30, amsa ita ce 4.0. Gurosula na zama wajen 3.6, fairof 3.7 zuwa 3.8, dimantoid wajen 3.84, almandin 4.0 zuwa sama, sifesatin 4.1 zuwa 4.2. Kwalba ta yau da kullum 2.5 ce, tomalin wajen 3.06. Abin da ke ɓata wannan gwaji shi ne kumfar iska da ke maƙale a jikin dutsen, da ƙanƙantar dutse. Ɗigon sabulun ruwa ɗaya a kofin yana kore kumfar, amma dutsen da bai kai karat ɗaya ba, wato 0.2 na giram, kada a dogara da lissafinsa.

Nauyi kaɗai ba zai raba almandin da yaƙutu ba, domin shi ma 4.0 ne. Nan haske ke shiga. Ganet hanya ɗaya haske ke bi a cikinsa, yaƙutu da tomalin kuwa raba shi suke gida biyu. Ɗauki gilasai biyu na tabaran rana irin mai tace ƙyalli, ka ɗora ɗaya kan ɗaya, ka juya har haske ya daina wucewa. Sa dutsen a tsakaninsu, tocila a ƙasa, ka riƙa juya dutsen. Yaƙutu zai yi haske ya yi duhu sau huɗu a zagaye guda. Ganet zai zauna da duhu, ko ya nuna wata inuwa mai murɗewa kamar maciji, wadda matsin cikin dutsen ke jawowa. Masu koyo da yawa sukan ruɗe da ita su ce dutsen ya ƙifta. Gwada ta fuskoki biyu ko uku, saboda yaƙutu ma yana da kusurwa ɗaya da yake yin shiru. Kwalba da sifinel, wani dutsen ado da shi ma yakan zo ja, su ma da duhu suke zama, don haka wannan gwaji abokin na nauyi ne.

Sai maganaɗisu, wanda a wurin ganet ya fi kowane gwaji sauƙi. Ƙaramin maganaɗisun niyodimiyom mai lamba N52 yana ɗaga yankakken sifesatin ko almandin sama ɗungurungum idan bai yi girma ba, manya kuma ya ja su a kan tebur. Dimantoid ma yana biyo shi, abin da zumurrudu da koren tomalin na kuromiyom ba sa yi. Fairof tsaka-tsaki yake amsa maganaɗisu, sabborait kuwa rauni gare shi, sai an ɗora shi kan ɗan soso a ruwa kafin a ga yana matsowa. Yaƙutu da kwalba ba sa ɗaguwa. A cire dutsen daga zobe kafin a gwada, don wasu ƙarafan su ma suna amsawa.

Tabaran duba dutse mai ninka girma sau 10 shi ke kammala aikin. Kumfa zagayayya da gefuna masu laushi alamar kwalba ce. Allurai sirara da ke gicciye juna alamar almandin ko rodolait ce, kuma idan sun yi yawa su ne ke haifar da tauraro mai ƙafa huɗu ko shida a ganet ɗin Indiya da na jihar Idaho ta Amurka. A tsofaffin kayan Turai akan haɗu da dutse mai hawa biyu, fallen almandin a sama, kwalba mai launi a ƙasa. Duba shi ta gefe, za ka ga layin haɗin da bambancin ƙyalli. Abin farin ciki shi ne ganet na cikin 'yan duwatsun da ba a saba gasawa ko rinawa ba, in ban da wasu dimantoid da ake ɗan dumamawa don kore ruwan ƙasa.

Ga mai sayen ɗanye, babban tarko duhu ne. Dillali zai haska tocila ta bayan dutsen, ya yi ja kamar jini, ka biya, a yanka, ya fito baƙi kamar gawayi. Kashe tocilar. Ɗora dutsen a kan farar takarda a inuwa da rana, ka duba shi daga sama. Launin da ka gani a haka shi ne kusan abin da za ka samu bayan yanka. In ba ka ga ja ba, yanka ba zai ƙirƙiro shi ba. Almandin mai duhu ƙanana ake yanka shi, ko a rage zurfin gindinsa, shi ya sa mutanen dā suke rarake bayan manyan don haske ya ratsa. Kusurwar gindi da aka saba ita ce digiri 40 zuwa 42. In an yi ƙasa da yawa sai tsakiyar dutsen ta zama taga, kana hango yatsarka ta ciki. Ka kuma sa a lissafi cewa abin da ke saura bayan yanka bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ba. Giram ɗaya karat 5 ne, amma zai iya ba ka karat ɗaya da rabi kacal, idan ma babu tsaga.

Wajen kulawa, lambar da za a riƙe ita ce 7. A ma'aunin tauri na Mohs, ganet na tsakanin 6.5 da 7.5, dimantoid ne a ƙasa, almandin da fairof da sifesatin a sama. Kwaz, wanda shi ne yawancin yashi, 7 ne cif, kuma yana cikin ƙurar da iskar hunturu ke ɗebowa daga hamada. Saboda haka goge busasshen dutse mai ƙura da gefen riga ko mayafi daidai yake da shafa masa takardar yashi mai laushi. Ba a ganin illar a rana ɗaya. Bayan shekaru sai a tarar gefunan fuskokin sun dushe, ƙyallin ya mutu. A fara ɗauraye ƙurar da ruwa, sannan a goge.

Wankin kansa mai sauƙi ne: kofi ɗaya na ruwa mai ɗumin da hannu ke jurewa, ɗigo biyu ko uku na sabulun wanke kwanuka, a jiƙa minti 10 zuwa 15, a bi bayan dutsen da tsohon buroshin haƙori mai laushi, domin a can man shafawa da sabulu ke taruwa su toshe haske. A ɗauraye a cikin kwano, kada a yi a bakin magudana, a tsane da tsumma mai laushi. Toka da man goge baki da garin wanke tukunya duk suna karce ƙarfen, wasu har dutsen. Ruwan bilic ba ya cin ganet, amma yana cin gaurayen zinariya, ya raunana ƙananan faratan da ke riƙe da dutsen har wata rana ya faɗi. Turare da man shafawa a gama da su kafin a sa kayan ado, a kuma cire zobe lokacin daka, wanke-wanke da ƙunshin lalle.

Zafi na bazata shi ne ke fasa ganet. Ƙananan ƙwayoyin ma'adinai da ruwan da ke kulle a cikinsa ba sa kumbura daidai da shi, sai tsaga ta tashi daga nan. Don haka ba a wanke shi da tururi ko tafasasshen ruwa, kuma idan za a kai zobe wurin maƙeri a rage ko a ƙara shi, a ce masa ya cire dutsen kafin ya sa wuta, kada kuma ya tsoma shi da zafinsa cikin ruwa. Na'urar wanki mai girgiza ruwa ba ta cutar da tsabtataccen rodolait ko sifesatin, amma a nisanta ta daga dimantoid da duk dutsen da aka ga tsaga a cikinsa. Tsofaffin kayan Bohimiya da duk wanda bayansa ke rufe da takardar ƙarfe ba a tsoma su a ruwa sam, domin ruwan zai shige bayan dutsen ya baƙanta takardar, gyaranta kuma sai an kwance aikin gaba ɗaya. Auduga mai ɗan laima a kan tsinke ta isa.

A wurin ajiya, kowane yanki da ƙunshinsa. Daiman 10 ne, yaƙutu da safaya 9, tofas 8, duk suna karce ganet idan aka zuba su a gwangwani ɗaya, shi kuma ya karce murjani da lu'ulu'un teku da zinariya. Dimantoid ya fi dacewa da 'yan kunne da abin wuya. In dole sai zobe, a sa maƙeri ya kewaye bakinsa da ƙarfe gaba ɗaya maimakon farata huɗu. Sau ɗaya a shekara a riƙe zoben kusa da kunne a ƙwanƙwasa shi da farce: in an ji ƙaramar ƙara, dutsen ya fara motsi, a kai a matse. Wanda fuskarsa ta riga ta dushe, mai yanka zai iya sake goge shi da garin alumina ko na daiman, abin da zai rasa na nauyi kaɗan ne muddin gefensa bai ɓalle ba.